Ranar da Na Kai Inna Hasumiya Ba Tare da Bin Layi Ba

Mai digiri biyu ba ya bin layi. Layi na waɗanda ba su yi bincike ba ne, ni kuwa sati biyu na yi ina nazarin birnin nan kafin mu taso.

Wuni ɗaya kacal muke da shi. Inna, mahaifiyata, abu ɗaya ta roƙa: ta hau doguwar hasumiyar nan ta leƙa gari daga sama, don ƙanwarta ta hau bara, kuma har yau ba ta bar kunnen kowa ya huta ba.

Ƙarfe tara muka isa. Layi ya zagaye ginin har bakin wani kantin takalma. Inna ta gyara mayafi ta tsaya bayan na ƙarshe. Matata ta ce bai fi awa ɗaya ba, ga inuwa, mu haƙura. Na zaro takardata na yi musu bayani cewa cunkoso yana da ƙa'ida: da safe ya hau, da yamma ya sauka. Mai hankali yakan je inda babu kowa, ya dawo bayan jama'a sun gaji.

Haka muka bar layin, muka je muka ga gidan tarihin makullai, da wani ɗaki cike da tsofaffin tafireta. Mai gadin makullan sai da muka tashe shi daga barci, ya yi ta mana godiya. Na nuna wa matata cewa ko mutum ɗaya babu a gabanmu. Ta ce ta lura, ta kuma gane dalili.

Inna kuwa, duk inda ta ga benci sai ta zauna tana matsa gwiwa.

Ƙarfe huɗu muka koma. Fili fetal, babu kowa. Na dubi matata irin duban da nake yi wa ɗalibin da ya yi min musu a aji. Sai mai tsaron ƙofa ya ce uku da rabi ake rufe sayar da tikiti, ga shi can a rubuce a allo. Duk wanda ya bi layi sai ya wuce ta gaban allon.

"Baba, a duba mana, daga nesa muke. Ni malamin jami'a ne."

"To ai ka iya karatu ke nan, Malam," ya ce, ya ja ƙofa.

Inna ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon hasumiyar daga ƙasa.

A mota ƙanwarta ta kira, ina jiyo muryarta tana tambaya ko an hau. Inna ta ce gwiwa ce ta hana ta, yaron nan kam ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta ajiye wayar, ta cire takalmi, ta juya fuska wajen taga.