Wayar da Ta Rufe wa Mai Gadi Baki

Ni da Yaya muka buɗe garejin. Shi ke fita neman ciniki da sayo kaya, ni kuma ina ɗakin ciki da mitar awon wuta da ƙarfen liƙa dalma. Aikinmu shi ne mu cire wa tsofaffin motocin raba kaya injin mai, mu saka musu batir da injin lantarki.

A kowace mota akwai akwatin da ke sarrafa injin, a cikin akwatin kuma akwai wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Ni na zana shi. Aikinsa ɗaya ne: ya riƙa auna ƙarfin wutar da ke ciyar da akwatin. Idan ta yi ƙasa ko ta wuce iyaka, sai ya rage gudun motar a hankali ya kashe injin, kafin akwatin ya rikice ya riƙe tayoyi ana cikin tafiya. Ma'aikatanmu suka sa masa suna Mai Gadi.

Ina da tsohon ciki lokacin da wani kamfanin raba magunguna da ya karɓi motocinmu ya fara ƙorafi. Motoci na tsayawa a hanya, musamman a hawan gada idan rana ta take. Babban direbansu, wanda kowa ke kira Baban Tagwaye, ya leƙo ɗakina yana dariya.

"Injiniya, wannan Mai Gadin naki ko tari mutum ya yi sai ya kulle ƙofa."

Na gwada motar tasa har yamma, sannan na je wurin Yaya. "Mai Gadi bai yi ƙarya ba," na ce masa. "Na'urorin rage wutar da aka sayo ne ba sa jure zafi. Sai an canza su duka."

Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da suka kumbura. "Ƙanwata, je ki ki haihu lafiya. Ki bar mini wannan."

Na bar masa. Me zai hana? Shi ya fara riƙe mini hannu ya koya mini liƙa waya tun ina firamare.

Da na dawo aiki da 'yata a goye, ƙorafi ya ɗauke gaba ɗaya. Yaya ya ce an canza komai. Na yi masa godiya, har na ji kunyar yadda nake ganin yana da sakaci.

Wata ranar da zafi ya yi zafi aka janyo motar Baban Tagwaye zuwa gareji, gabanta a lotse. Yana gangarowa daga gada tayoyin baya suka riƙe lokaci guda, motar ta juya ta bugi ƙarfen gefe. Allah ya kiyaye ransa, amma hannunsa ya karye a wuri biyu. Yaya ba ya nan, an ce ya wuce ofishin kamfanin.

Na kwance murfin akwatin, warin ƙuna ya buge ni. Tsohuwar na'urar rage wuta tana nan inda na bar ta, ba a ko taɓa kusoshinta ba. Na ɗago Mai Gadi na juya bayansa. An liƙa wata 'yar jar waya daga wata ƙafar ƙarfe ta allon zuwa wata, ta yadda komai ya faru, lafiya lau kawai zai riƙa cewa. Liƙin ya fito sumul, an lanƙwasa bakin wayar kamar ƙugiya kafin a zuba dalma. Mutum biyu ke yin haka a garejin, kuma ni ban yi ba.

Na zauna a kan benci na shayar da 'yata.

Da ya dawo, na ajiye allon a kan teburinsa. Bai ma ɗauka ba.

"Yaya, ka ce mini an canza su."

"Da niyyar canzawa nake. Kayan ne suka ƙi zuwa, su kuma mutanen nan suna shirin dawo mana da motoci. Kina kwance a gida, me kike so in yi?"

"Ka ɗaga waya ka kira ni."

"Ki ce a ajiye motoci? Na san halinki." Ya murza goshi. "Yanzu dai na kashe wutar maganar. Na gaya musu kuskure ne a zanen allon, kuma na cire ki daga aikinsu zuwa wani lokaci. Suna ne kawai, ƙanwata. Za su manta."

Wannan ya fi jar wayar yi mini ciwo. Ya faɗe shi kamar yana gaya mini ya ari birona.

"Sauran motocin fa?"

Ya kawar da kai.

Washegari da safe na tafi harabar kamfanin da akwatin kayan aikina, kafin direbobi su fita. Na nuna wa manajansu allon, na yi masa bayani, na ce kada mota ko ɗaya ta motsa. Ya tambaye ni wa ya liƙa wayar. Na ce daga garejinmu ne, sauran bayani kuma ya je ya tambayi mai sayo mana kaya. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, kuma kowace da tata jar wayar.

Kafin azahar Mama ta kira. Ta ce Yaya ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, ba a kai ƙarar gida waje. Na ce mata Baban Tagwaye ma ɗan wata ne. Sai ta ce in gaida jaririya.

Kamfanin ya janye aikinsa daga garejin. Ni ma na kwashe mitata da sauran tarkacena, na kama ɗan shago a bayan tashar cajin motoci. Direbobi sukan kawo mini gyara, Baban Tagwaye ne ya fara turo su, ko da yake har yanzu ba ya iya miƙe hannun sosai.

Ina haɗuwa da Yaya a gidan Mama. Yakan ɗauki 'yata ya yi mata wasa, mu gaisa, ya tambayi aiki, in ce alhamdulillahi. Bai taɓa cewa in yafe masa ba. Kwanan baya na ji yana gaya wa kawunmu cewa ni na rusa garejin, kuma daga muryarsa na gane ya yarda da hakan.