Takardar da Ta Rage

Sa'adiya na aji huɗu a jami'a, tana binciken kammala karatu a kan yadda ɗalibai suka gamsu da rayuwarsu. Ta buga takardun tambayoyi ɗari biyu ta bi azuzuwa tana rabawa, kowa ya zaɓi maki daga ɗaya zuwa biyar.

Da la'asar tana tattara su a tsakar gidansu a Hayin Banki, sai ta ga ɗaya ba a cike ba. Ta ja tsaki.

Umma na gefe tana tsintar shinkafa. Ta ce, "Ke ba ɗaliba ba ce? Cike abarki mana."

"Kai, Umma! Ni ai uku zan zaɓa."

Umma ta tuntsire da dariya. "Uku? Ke da ranar rajista sai da yayanki Labaran ya raka ki, don kunyar tambayar hanya kike ji! Yau ga shi kin tare mutum kusan ɗari biyu kina yi musu tambayoyi."

Sa'adiya ta yi murmushi, ta ɗauki biro ta zagaye huɗu.

Umma ta leƙo. "Ina sauran ɗayan?"

"Yana cikin tukunyarki, Umma. Yunwa nake ji."