Labulen da Ya Riƙe Inna

Butulci ne laifin Auta, kuma da hannunsa ya rataye shi a bangon falonsa.

Ranar da ya sami aikin ofis aka ɗauki hoton 'yan gidansu. Yayansa, makanikin da ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, ya zo daga gareji, rigarsa duk baƙin mai. Shi ya riƙe Inna, don ƙafarta ba ta ɗaukarta.

Auta ya kai hoton wurin mai gyarawa a kwamfuta, ya nuna masa Yaya a ciki. "Goge min wannan, ka sa labule a wurin. Manya ke zuwa gidana."

"Ba ɗan'uwanka ba ne?"

"Aiki na kawo maka, ba tarihin dangina ba."

Aka goge, aka sa a firam. Ana nan, Yaya ya kawo Inna ganin sabon gida. Tsohuwa ta tsaya gaban hoton, ta ga kanta a karkace, babu kowa a gefenta.

"Auta, ashe labule ne ya riƙe ni ranar nan?"

Auta ya hau kame-kame, wai kwamfuta ce ta yi kuskure.

Yaya ya ce, "Bar shi, Inna. Ai hoton ya yi tsabta." Ya kama hannunta suka fita, ko ruwa ba su sha ba.

Ga abin da Auta ya rasa: Inna ba ta sake taka gidansa ba, yayyensa mata sun daina neman shawararsa. Yaya kuwa yana amsa gaisuwarsa, amma "yallaɓai" yake ce masa, kamar baƙon da ya kawo mota gyara.