Launin Idon Direban Bas

Yerin ta san safar kowa a makarantar lesin ɗin. Tun makon farko Hajjo ta lura: duk wanda ya shigo aji, ƙafarsa yarinyar take kallo, kuma ba ta taɓa kuskuren suna ba.

Makarantar tana saman wani gidan burodi a New Malden, unguwar Koriyawan Landan. Bayan an tashi daga boko iyaye kan kawo yara, a tuɓe takalma a bakin ƙofa, a shiga. Hajjo 'yar Zariya ce, ta gama digiri na biyu a Bloomsbury, ta samu aikin koyar da Turanci a nan.

Shekarar Yerin goma. Ta ci jarrabawar shiga wata babbar sakandare, saura ganawa da shugaban makarantar nan da mako uku. Sai dai malamarta ta boko ta rubuto cewa ba ta kallon mutum in ana mata magana, kamar mai ɓoye wani abu. Madam Kwak, mai makarantar lesin, ta ce in ta shiga ganawar nan kai a sunkuye, gurbin ya tafi.

An fara ba Kingsley aikin gyara ta, ɗayan malamin, haifaffen Croydon. Ya durƙusa gabanta yana cewa, "Kalle ni nan. Ido cikin ido." Kwana biyu, yarinyar ta fashe da kuka.

Hajjo ta daɗe tana juya maganar kafin ta tunkari Madam Kwak.

"A ba ni ita in gwada."

"Ke?" Madam Kwak ta yi dariya. "Malama Hajjo, wata takwas kina nan, ban san ko kin san ina sa tabarau ba."

Gaskiya ce. A gidansu Hajjo, yaron da ya tsare babba da ido mara kunya ne. Abin da Turawa suka kira laifi, ita tarbiyya ta gani.

Ta sayo ƙaramin littafi, ta zauna gefen Yerin, ba gabanta ba.

"A garinmu idon kowa baƙi ne. A naku fa?"

"Baƙi ne."

"To mutanen nan kowa da irin nasa, ni kuwa ban taɓa dubawa ba. Kullum ki kawo min launin idon manya uku, ni ma in kawo miki uku. Dubawa kawai, sai ki sauke kai."

Washegari Yerin ta kawo ɗaya: direban bas 213, shuɗi. Hajjo ta kawo biyu, kuma sai da gumi ya karyo mata a gaban mai sayar da tikitin jirgi. Kafin mako ya zagayo shafi huɗu sun cika. Akwai mai ruwan zuma, akwai wanda Yerin ta rubuta "kamar ruwan wanke-wanke".

Ran Alhamis sai ga kakar Yerin ta hawo bene da sandarta, fuska a ɗaure. Ba ta jin Turanci, Madam Kwak ce ta yi tafinta.

"Ta ce jiya kan abinci jikarta ta zuba mata ido. Tana tambaya, wa ke koya wa yarinya rashin kunya?"

Hajjo ba ta shirya ba, jikinta ne ya yi abin da ya saba. Ta rusuna har ƙasa, idonta a kan dardumar, ta gaishe da tsohuwar yadda take gaishe da kakarta a Tudun Wada.

"Ki ce mata laifina ne, ban raba mata gida da waje ba. A gida kai ƙasa. Kallon cikin ido na Turawa ne, kamar rigar sanyi, a bakin ƙofa ake cire shi."

Tsohuwar ta dube ta a durƙushe, ta daɗe. Sannan ta ja kujerar yara ta zauna a bayan aji. Kullum kuma sai ta zo.

Bayan ganawar da kwana goma Yerin ta shigo da ambulan, kakarta a bayanta. Ta miƙa wa Hajjo da hannu biyu, ta ɗaga kai ta dube ta sosai.

"Sun ɗauke ni, Malama. Idon shugaban toka-toka ne, na hagu ya ɗan fi kore."

Kingsley ya yi tafi. Hajjo ta karanta takardar sau biyu. Ta juya ta dubi Madam Kwak.

"Tabaranki mai bakin zinare ne," ta ce.

Ana cikin dariya ta hango tsohuwar a bakin ƙofa. Ta jingine sandarta, ta sunkuya da ƙyar ta zaro takalman Hajjo daga cikin na yara, ta haɗa su, ta juya bakinsu waje yadda ake yi wa babban baƙo a al'adarsu. Sannan ta ɗauki sandarta ta sauka a hankali.