Wankin Ta Sama

Ƙarar bokiti ce ta fara isowa, sannan salati. Maikitso ta saki kan da take kitsawa, ta fito da mataji a hannu. Ta Sama, maƙwabciyarta da ke zaune a bene, tana kwance a gindin matakala, jiƙaƙƙun zannuwa sun watse a siminti.

"Tashi mana, daga matakalar ƙarshe fa kika zame," in ji Maikitso.

"Ƙafar ta ƙi jin magana, 'yar'uwa."

Sa'annin juna ne, dukansu sun haura sittin. Amma Maikitso har yau da sassarfa take hawa bene, yatsunta kuwa kamar filaya. Ta Sama ko murfin kwalba sai ta nemi mai buɗe mata. In ta yi wanki ba ta iya matsewa, haka take shanyawa a baranda, ruwa ya yi ta ɗiga a kan masu jiran kitso. Maikitso ba ta tauna magana. Lalaci ta kira abin, kuma a gaban mutane. Da safen nan ma ta ɗaga kai ta ce, "In hannun na ado ne, ki sauko da kayanki igiyar tsakar gida!" Ashe Ta Sama saukowar ta yi.

A asibiti aka ce ƙugu ya karye. 'Yar Ta Sama, ita ke nan gare ta, ta fito daga wurin likita ido jajir, ta nufo Maikitso.

"Mama, wai ƙashinta ya zama kamar busasshen kara. Likita ta tambaye ta yaushe al'adarta ta ɗauke. Ashe tun bayan haihuwata ne, ko talatin da biyar ba ta kai ba. Ta ce in ta ɗauke da wuri haka, ƙarfin jiki da na ƙashi sukan bi ta a hankali."

Maikitso ta sunkuyar da kai. Ita tata ba ta ɗauke ba sai da ta wuce hamsin da kyau, kuma duk shekarun nan ta ɗauka ƙarfinta na ƙwazonta ne.

"Abin da ban gane ba," 'yar ta ci gaba, "me ya sauko da ita da bokiti? Na tambaye ta, wai rana ta fi kyau a ƙasa."

Maikitso ta buɗe baki, amma abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ta lafiya."

An yi aiki, sai doguwar kwanciya ta jawo ciwon ƙirji. Kullum Maikitso takan zo da niyyar neman gafara, kullum ta tarar da 'yar a bakin gado, kunya ta ɗaure mata harshe. Mai faɗa wa kowa gaskiyarsa, yau tata ta gagare ta. Ran nan da ta rasa abin yi, sai ta tsefe kan maras lafiyar, ta yi mata kitso sako-sako.

"Yau hannunki ba zafi," in ji Ta Sama.

"Kan ne ba gardama."

"Kawo hannun. Ji, ƙarfina ya fara dawowa."

Ta Sama ta damƙe hannun har jijiyar wuyanta ta tashi. Maikitso ji ta yi kamar an ɗora mata hankici.

"Kai, za ki karya ni!"

Ta Sama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Maƙaryaciya."

Washegari Maikitso ta ƙudura za ta faɗa, ko a gaban 'yar, ko a gaban duk ɗakin. A hanya tana ta bitar maganar. Ta shiga da sallama, ta tarar an yaye labulen gadon, wata ma'aikaciya tana goge katifa.

"Mai kitson nan? Ɗazu aka fita da ita. Allah ya jiƙanta. 'Yar'uwarki ce?"

"Maƙwabciyata ce."

Ta tsaya nan da filas ɗin shayi a hannu. Ma'aikaciyar ta juya katifar, ta shimfiɗa farin zanen gado, ta bi kusurwoyin tana cusawa ɗaya bayan ɗaya.