Na'urar Ƙarƙashin Katifar Inna

Tun ranar da Inna ta zame a banɗaki ta karya hannu, hankalin Auta bai ƙara kwanciya ba. Ita tana gidan Yaya, babbar 'yarta, shi kuwa yana can ƙarshen gari yana gyaran injinan buga takardu. Da yake tun yana yaro ba ya ganin wayar lantarki ya ƙyale, sai ya haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, ya cusa ta ƙarƙashin katifar Inna. Aikinta ɗaya ne: in tsohuwa ta tashi daga gado ta yi minti goma sha biyar ba ta dawo ba, ta bi ta waifai, wato intanet ɗin gidan, ta aiko masa da saƙo a waya. Shi kuma ya kira Yaya, Yaya ta kira matar da aka ɗauka take zama da Inna da rana.

Da yamma ya gwada ta, ta yi aiki tsaf. Washegari da hantsi sai ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai wajen la'asar sakaliya ta dawo, ba ko kunya, tana ba da rahoto kamar ba ita ba.

Ba irin zargin da Auta bai yi ba. Ya ce batir ne, ya sa sabo. Ya ce ƙarfen gadon ne ke tare sabis, ya fito da eriyar ya manna ta a bango. Ya sake dalmar kowace waya, ya sauya kebul, ya sake rubuta umarnin na'urar har sau huɗu, cewa in ta rabu da waifai ta yi ta nema har ta samu. Mako uku cur! Kullum in ya tashi aiki sai ya biyo, ya ce "Inna ina wuni" rabinsa na ƙarƙashin gado, ita kuma ta amsa wa tafin ƙafarsa. Kuma abin haushi, duk sanda yake gidan, 'yar banzar ba ta taɓa yankewa ba.

"Injiniya, yau ma ta gagara?" in ji Yaya tana dariya. "Ka bar wahalar da kanka, ai akwai mai zama da ita."

Wannan dariyar tana ci masa rai. Ran nan ya zauna ya jera lokutan da na'urar ke yankewa. Takwas saura kwata zuwa biyar da 'yan mintuna, Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi lafiya lau. To wane irin batir ne ya san ranar hutu?

Ranar Talata ya nemi izini a wurin aiki, ya iso gidan da ƙarfe goma, riƙe da jakar kayan aikinsa. Ya tarar da ƙofa a kulle ta waje. Ya buɗe da makullin da Yaya ta taɓa ba shi, ya yi sallama, shiru. Ya wuce falo kai tsaye wurin kantar da akwatin waifai yake zama. Ba akwati. Cajarsa ce kawai ke reto a jikin soket.

Inna na zaune a bakin gado. An ajiye mata kwano a rufe, da gorar ruwa, da bokiti a gefen ƙafarta.

"Inna, ina mai zama da ke?"

"Wa? Ai ta fi wata biyu da tafiya."

Ya kira Yaya a waya. Tana makarantar da take aikin sakatariya, ana jin hayaniyar ɗalibai a bayanta.

"Yaya, ina waifan gidan?"

"Yana jakata. Na ofis ba ya aiki, kullum da shi nake tahowa. Lafiya?"

"Kin kulle Inna ita kaɗai! Da ta faɗi fa? Ba na'ura, ba mutum!"

 Da ta amsa, babu sauran dariya a muryarta.

"Matar ta gudu, na nemi wata na rasa. In bar aikin ne? Ni ke mata wanka, ni ke zubar da bokitin nan safe da yamma. Kai me ka ɗauka? Ka kawo kwalin ashana ka tura ƙarƙashin gado ka ce ka fita haƙƙi. Laifi tudu ne, Auta."

Ta kashe wayar.

Ya tsaya tsakiyar ɗakin, takaici ya ishe shi. Mako uku yana bin eriya da dalma, alhali abin da ya ɓace daga gidan mutum ne. Ya juya ga Inna, don ita ce ta rage da zai sauke wa.

"Ke ma Inna, kullum ina zuwa. Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta dube shi, ta gyara zaman hannun da ya karye a cinyarta.

"Sau biyu na fara. Ka ce in dakata, kana auna sabis." Ta nuna ƙasan gadon da haɓa. "Na ga wurinta kake zuwa, sai na bar ku ku gama."

Auta ya ajiye jakar a ƙasa. Ya nemi wurin zama, sai ya ga ko kujerar ɗakin kayan aikinsa ne jibge a kai tun makon jiya.