Ruwan Ƙarfe da Bagaruwa

A shekarun da Turawa suka fara sauka Jega, akwai wani baduku mai suna Gudiya, wanda ke baƙanta fata da ruwan kashin maƙera, wato ruwan da aka jiƙa ragowar ƙarfen maƙera a ciki. Wata rana da hantsi ruwan ya fantsamar masa a riga. Maimakon baƙi, sai ɗan jan tsatsa ya fito. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya gwada a ƙwarya, ya gwada a ɗanyen ƙirgi, shiru. Fatar da aka jeme da bagaruwa kaɗai ke yin baƙi nan take.

"Ashe ba fata shika so ba, bagaruwa shika bi," ya ce wa matarsa Mairama.

"To, Malam, mi za ka yi da wanga sani?"

Ya karɓi farin mayafinta, ya zana ganyen albasa a kai da ruwan bagaruwa, ya shanya, sannan ya tsoma a ruwan ƙarfen. Ganyen ya fito baƙi wuluk, sauran mayafin ya yi jaja-jaja.

Mairama ta yafa shi zuwa suna a Aliero. Ta dawo niƙi-niƙi da fararen mayafan 'yan'uwanta, kowace na so a rina mata irin nata, Gudiya na ta dariya.